Bagaruwa, iccen bakin kogi

Ɗan'uwa mai karatu, ka san bagaruwa. Wataƙila ka taɓa taka ƙayarta. Ko kuma ka ga ƴaƴanta cikin ƙwarya a kasuwa, wurin masu saida magani. Yau za mu bi ta zuwa bakin kogi, mu ga aikin da take yi can.

Wurin da za mu tsaya shi ne Tondibiya. Gari ne a bakin kogin Isa, arewa maso yamma da birnin Yamai, gaba da Gudel. Sunan na Zabarmanci ne. "Tondi" shi ne dutse, "bi" kuma baƙi. Wato baƙin dutse ke nan. Mutane da yawa sun san Tondibiya saboda barikin da ake horar da sojoji. Amma akwai masu lambu, akwai masunta, akwai makiyaya masu kawo bisashe shan ruwa. Duk abincin waɗannan mutane yana rataye ga gaɓar kogi. In gaɓa ta zube, lambu ya tafi.

Kogin da ke cika sau biyu

Kafin mu yi zancen icce, sai mun san halin ruwan. A yankin Yamai, kogi na cika sau biyu a shekara.

Cikar farko tana zuwa da damina, wajen watan Agusta da Satumba. Ruwan ja ne, mai laka. Yana zuwa daga ƙoramun da ke kusa, da ƙananan koguna irin su Sirba da Dargol da Goruwal, waɗanda ke gangarowa daga wajen Burkina Faso. Wannan ruwa mai gaggawa ne. Yau ka gan shi nesa, jibi ka iske shi cikin lambunka.

Cika ta biyu tana zuwa da ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu. Wannan ruwan tun daga duwatsun ƙasar Gine ya taso. Ya ratsa Mali, ya daɗe a hanya, lakarsa ta kwanta. Shi ya sa ba ja ba ne. Yana hawa sannu, yana sauka sannu.

Daga nan sai bazara. Ruwa ya janye, rairayi ya fito fili tsakiyar kogi. Tsofaffi ba su manta da 1985 ba. A watan Yuni na wannan shekara, kogin ya daina gudu a Yamai. Yara kuma sun ga wani abu dabam. A 2012 da 2020 ruwa ya yi ambaliya, ya ci gidaje da gonakin shinkafa. A Satumba ta 2020, ma'aunin ruwa na Yamai ya kai wajen mita 7.

To, ka ga irin wurin. Wata uku ko huɗu ƙasa na cikin ruwa. Wata uku kuma ta bushe ta tsage. Wane icce ne zai iya zama nan?

Dogon yaro ba ya iyawa. Shi baƙo ne, daga ƙasar Indiya aka kawo shi. Ya yi mana amfani ƙwarai. Shi ne aka fi dasawa a gandun itatuwan da aka soma kewaye Yamai da shi tun 1965. Amma in ruwa ya kwanta a gindinsa ya daɗe, sai ganyensa ya zube, ya mutu. Bagaruwa kuwa nan ne gidanta. Ruwa ya kai mata ga gindi, ya yi wata da watanni, tana tsaye. Ruwa ya janye, rana ta buga, tana nan kore.

Bagaruwa iri biyu ce

Zabarmawa na ce mata "baani". Masana itatuwa na ce mata Acacia nilotica. Yanzu wasu littattafai na rubuta Vachellia nilotica. Kada sunan ya ba ka tsoro. Ƙarshensa yana nufin kogin Nilu ne, domin can ma a bakin ruwa take.

Ganyenta ƙanana ne, kamar gashin tsuntsu. Ƙayarta fara ce, tana fitowa biyu-biyu. Ƙaramar bagaruwa ta fi babba yawan ƙaya. Ɓawonta baƙi-baƙi ne, mai tsage-tsage. Furenta ruwan ɗorawa ne, dunƙule-dunƙule, da ƙamshi. In ta samu wuri mai kyau a bakin ruwa, tana kai mita 15, har ta wuce.

Ga abin da za ka riƙe da kyau. Akwai bagaruwar tudu, akwai ta ruwa. Ga ƴaƴansu ake rarrabe su. Ɗauki ɗan bagaruwa ka duba. In ka ga tsakanin ƙwaya da ƙwaya ya matse sosai, kamar tasbaha ko dutsen wuya, to ta ruwa ce. In kuwa ɗan yana da faɗi, bakinsa ya ɗan lanƙwashe kaɗan kawai, ta tudu ce. Ta tudu ta fi jure fari. Ta ruwa ta fi jure ambaliya.

Don me muka tsaya kan wannan? Domin mutum na iya shan wahalar reno wata huɗu, ya dasa a bakin kogi, ruwa ya zo ya kashe duka. Sai ya ce bagaruwa ba ta yi. Alhali irin tudu ya kai cikin ruwa. In bakin kogi za ka dasa, ɗebo iri ga uwar da ka gani da idonka tsaye cikin ruwa.

Abin da take yi wa gaɓa

Saiwarta iri biyu ce. Akwai babba mai nutsewa ƙasa neman ruwa. Akwai ƙanana masu bazuwa gefe-gefe. Waɗannan ƙananan su ke riƙe ƙasa, kamar yadda zare ke riƙe tufa. In ruwa ya bugi gaɓar da ba icce, sai ya ci ƙarƙashinta, samanta ya rufto. In akwai itatuwa a jere, ƙarfin ruwan na raguwa tsakaninsu. Lakar da ya ɗauko sai ta kwanta nan. Shekara bisa shekara, wurin na ƙara tudu.

Amma kada wani ya ruɗe ka. Bagaruwa ba ta hana ambaliya. Ruwa irin na 2020 ba icce mai tare shi. Aikinta shi ne, in ruwan ya koma, ka iske ƙasarka tana nan inda ka bar ta.

Akwai wani amfani kuma da ido ba ya gani. Bagaruwa dangin wake ce da gujiya da gawo. A saiwarta akwai ƴan ƙulle-ƙulle masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ganyen da take zubarwa ma taki ne.

Masu zama cikinta

Je ka zauna kusa da babbar bagaruwa da sassafe. Kada ka yi motsi da yawa. Za ka sha mamakin yawan masu gida.

Na farko da za ka ji su ne tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa. Suna rataya sheƙarsu a ƙarshen reshe, bisa ruwa. Sun san abin da suke yi. Ƙaya na tsare su daga sama, ruwa na tsare su daga ƙasa. Maciji ko muzuru sai ya yi da gaske kafin ya kai ga ƙwansu. Balbela na kwana bisa irin waɗannan itatuwa, garke guda, har iccen ya yi fari fat da magariba. Zalɓe na tsayawa kusa yana jiran kifi. Kurciya na yin sheƙa cikin rassa. Guza na hawa ya sha hantsi, in ya ji motsinka sai ya faɗa ruwa.

Da ɗari kuma akwai baƙi. Wasu ƴan ƙananan tsuntsaye na tasowa tun daga Turai, su ƙetare teku da hamada, su sauka ƙasarmu. Ba su kai girman ɗan tsako ba. Abincinsu ƙwari ne da tsutsotsin da ke cikin ganyen itatuwan ƙaya. In sun zo ba su iske icce ba, ina za su?

Lokacin fure, ƙudan zuma ba ya barin bagaruwa. Mai amya ya san haka.

Yanzu bari mu leƙa ƙarƙashin ruwa. In kogi ya cika ya shiga cikin itatuwa, kifi na biyo shi. Tsakanin saiwoyi da rassan ƙaya ruwa ba ya gudu da ƙarfi. Babban kifi ba ya shiga da sauƙi, taru ma ba ya shiga. Nan ƴaƴan karfasa da na tarwaɗa ke ɓuya har su yi ƙwari. Kashin tsuntsayen da ke bisa yana zuba cikin ruwa. Shi ke ciyar da ƴan mitsi-mitsin halittun da ƙananan kifaye ke ci. Ka ga yadda abin ya haɗu: icce ya kira tsuntsu, tsuntsu ya ciyar da kifi, kifi ya shiga komar masunci.

Mutanen Mali sun ga wannan da idonsu. A yankin Mopti, kusa da tafkin Debo, akwai dazuzzukan ƙaya masu tsayawa cikin ruwa. Iccen wurin ɗan'uwan bagaruwa ne. Farin 1973 da na 1984, da sara, sun kashe da yawa daga cikinsu. Daga baya mutanen garuruwan suka sake dasawa, suka sa tsaro. Tsuntsaye suka dawo yin sheƙa, masunta kuma suka samu wurin da kifi ke hayayyafa.

Sai dai a faɗi gaskiya. Ba kowane tsuntsu ne abokin manomi ba. Jan baki, mai cin shinkafa da gero, shi ma yana son kwana cikin ƙaya kusa da ruwa. Mai gonar shinkafa in ya yi ƙorafi, yana da hujja. Don haka kada a cika itatuwa gab da fadamar shinkafa. A zauna a yi shawara tukuna, a zaɓi wurin da gaɓa ke zubewa.

Kuɗin da ke cikin ƴaƴanta

Taɓa ɗanyen ɗan bagaruwa da harshe. Za ka ji bauri ya ɗaure maka baki. Wannan baurin shi ne dukiyarta. Shi ke shiga cikin fata ya hana ta ruɓewa.

In ka bi bakin kogi ka gangara cikin Yamai har Gamkalle, za ka iske majema. Aikinsu ba ya yiwuwa sai da bagaruwa. Su jiƙa fata, su cire gashi, su wanke. Sa'an nan su daka ƴaƴan bagaruwa, su zuba cikin ruwa, su tsoma fatar. Daga nan ne take zama abin da baduku zai yi takalmi da jaka da kube da shi. In ana son ja, a rina da karan dafi. In ana son baƙi, a haɗa bagaruwa da kashin maƙera.

Wannan sana'a tsohuwa ce. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta yi suna tun zamanin ayari. Ana ɗaukar ta bisa raƙuma, a ƙetare hamada da ita, har ta kai Turai. Can sai suka riƙa ce mata fatar Maroko, domin ta hannun ƴan kasuwar arewacin Afirka ta iso musu. Amma jimar tamu ce, da bagaruwarmu.

Ka lura da wani abu. Mai saran icce sau ɗaya yake cin kuɗinsa. Mai tsintar ƴaƴa kowace shekara yake ci. Mata da yara na iya wannan aiki da rani, lokacin da ba aikin gona. A tsinto, a shanya, a zuba cikin buhu, a ajiye wurin da ba laima.

Awaki da tumaki da raƙuma na cin ganyen da ƴaƴan. Da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Amma kada dabba ta ci su kaɗai ta cika ciki, baurin na yi mata yawa. A haɗa da harawa ko dusa.

Iccen kansa ja ne, mai nauyi, mai tauri. Gara ba ta cinsa da sauƙi. Ana yin ƙotar gatari da taɓarya da shi. A ƙasar Sudan har katakon da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa bisansa an yi da shi. Gawayinsa na da kyau. Wannan kyan ne ma ya jawo mata sara a wurare da yawa.

Zancen magani kuwa, kowa ya san ana kurkure baki da ruwan bagaruwa, ana shan ta don zawo. Ƴar'uwa, ga gargaɗi. In jariri ko ƙaramin yaro ne ke zawo, kada ki tsaya ga bagaruwa. Ki ba shi ruwan gishiri da sukari, ki ci gaba da ba shi nono, ki kai shi likita.

Yadda za ka rene ta

Da rani ake ɗibar iri, in ƴaƴa sun bushe bisa uwa. Daka su sannu cikin turmi, ka sheƙe, ka fid da ƙwaya. Duk ƙwayar da ka ga ɗan rami gare ta, ƙwaro ya riga ka. Yar da ita.

Ƙwayar bagaruwa na da taurin ɓawo. In ka shuka ta haka nan, tana iya yin watanni ba ta tsiro ba. Ga dabara. Tafasa ruwa, ka sauke shi daga wuta, ka zuba ƙwaya ciki. Bar ta ta kwana, har ruwan ya huce. Wadda ta kumbura ta yi, shuka ta ran nan. Wadda ba ta kumbura ba, sake mata. In irin kaɗan ne, kana iya ɗan yanke gefen ɓawon da abin yankan farce. Akwai hanya ta uku, wadda ba ta cin ko dala. Duba turken awakin da suka ci ƴaƴan bagaruwa. Ƙwayar da ta fito cikin kashinsu, cikin akuya ya riga ya tausasa ta.

Cika leda da rairayi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Huda gindin ledar don ruwa ya fita. Sa ƙwaya 2 ko 3, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Ban ruwa safe da marece. In sun tsiro, bar mai ƙarfi guda.

Ga inda mutane ke sakaci. Saiwar bagaruwa na da sauri. Tana huda leda ta shige ƙasa. Ranar dashe in ka fizge, sai ta tsinke, iccen ya yi yaushi. Saboda haka kowane sati biyu ka ɗaga ledojin, ka gusa su, ka yanke saiwar da ta leƙo. Bayan wata 3 zuwa 4 sun isa dashe.

Yaushe, kuma ina?

A ƙasarmu, tun 1975, ran 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa ce. Wannan lokaci ya dace da tudu. Amma bakin kogi sai an yi lissafi. A Agusta jan ruwa na bisa hanya. Babbar bagaruwa na jure ruwa domin kanta na waje. Ƙarama kuwa, in ruwa ya rufe ta ruf ya daɗe, ta mutu.

To, ga yadda za ka yi. Tambayi tsofaffin masunta inda ruwa ke tsayawa a shekarar da ba ta yi yawa ba. Za ka ga alama ma da kanka, inda ruwa ya bar shara da kumfa. A wannan layi da abin da ke samansa, dasa da damina, in ƙasa ta jiƙu sosai. Wurin da ya fi gangare kuwa, jira sai ruwan ɗari ya soma janyewa, wajen Fabrairu ko Maris. Bi bayansa ka dasa cikin danshi. Da bazara ka taimaka mata da ban ruwa, tun da kogi na kusa. Kafin wata cikar, ta ɗan yi tsawo.

Gina rami mai zurfin santimita 40, faɗinsa ma haka. Yanke ledar ka cire, kada ka binne ta tare da icce. Tsakanin icce da icce, bar mita 4 ko 5. Kada ka matsa kusa da fangalin albasa ko na salati, domin inuwarta da saiwarta za su yi gasa da su. Kada kuma ka dasa bisa ganuwar da aka gina don tare ruwa. Saiwa na iya yi mata lahani. Bar hanyar da bisashe ke bi zuwa mashaya a buɗe, in ba ka son rigima da makiyaya.

Saura babban abokin gaba: akuya. Ita ta taimake ka da iri, ita ce kuma za ta cinye dashen cikin yini ɗaya. Kewaye kowane icce da ƙaya ko da darni, shekara 2 ko 3, har kansa ya fi ƙarfin bakinta. Wajen shekara 5 zuwa 7 za ka soma tsintar ƴaƴa.

Wani lokaci ma ba sai ka dasa ba. Duba gaɓa da kyau bayan ruwa ya janye. Za ka ga ƴan bagaruwa sun tsiro da kansu, ko tsohon kututture ya yi toho. Zaɓi reshe 2 ko 3 masu ƙarfi, ka sassabe sauran, ka kewaye. Irin wannan ya fi dashe saurin girma, domin saiwarsa ta riga ta kafu. Da wannan dabara manoman jihar Maraɗi da ta Damagaram suka maido da itatuwa cikin gonakinsu, tun daga wajen 1984.

Kafin ka gina rami ko ɗaya, ka san mai wurin. Gaɓar kogi ba ta rasa mai ita, kuma hukuma na da magana a kanta. Je wurin mai gari. Je wurin ma'aikatan gandun daji. Dokar daji ta 2004 ita ke tsara saran itatuwa, kuma ba a saran irin waɗannan sai da izini. In ƙungiya ce za ta dasa, ku rubuta cikin littafi tun yau: wa zai yi ban ruwa, wa zai gyara shinge, wa zai tsinci ƴaƴa in sun zo. Yanzu kun iya rubutu, ba sai kun nemi wani ya rubuta muku ba.

Tambayoyi

1. A waɗanne watanni ne kogi ke cika a yankin Yamai?

2. Yaya za ka rarrabe bagaruwar ruwa da ta tudu?

3. A garinku, waɗanne tsuntsaye ne ke kwana bisa bagaruwa? Rubuta sunayensu.

Lissafi

Ƙungiyarku na da gaɓa mai tsawon mita 200. Kuna son dasa layi 2, da tazarar mita 5 tsakanin icce da icce. Leda nawa za ku cika? In kun ƙara leda 20 saboda waɗanda za su mutu, nawa ke nan duka?